Sojan gona daban, mai tambaya daban: abin da ya kamata ka sani kafin ka danna "tura"

Ka ɗauka kana zaune a bakin ruwa a Warra, kana jiran kwale-kwale ya cika, sai wayarka ta yi ƙara. Guruf ɗinku na WhatsApp ne. Wani ya turo bidiyo na daƙiƙa talatin: mutane sanye da kakin soja suna dukan wani saurayi a gefen titi. A ƙasa an rubuta, "Yanzu-yanzu a hanyar Yauri. A yaɗa don Allah." Ranka ya ɓaci, yatsanka ya riga ya kai kan maɓalli.

Dakata tukuna. Ka san inda aka ɗauki bidiyon? Ka san shekarar? Ka ma tabbata mutanen nan sojoji ne?

Wannan ɗan lokacin, tsakanin ganin bidiyo da tura shi, shi ne abin da majalisun ƙasashe da dama suke ta ƙoƙarin yi wa doka. Sunan da ake ba irin waɗannan dokoki yana da daɗin ji: kare sojoji daga ɓata suna da kuma sojan gona. Wa zai ƙi wannan? Sai dai abubuwa biyu ne aka ƙulle a ƙunshi ɗaya. Ɗaya yana kare ka. Ɗayan, in aka rubuta shi da sakaci, kai zai fara ci. Ya kamata ka iya raba su da kanka.

Sojan gona ba abin dariya ba ne

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan cuta har ya raɗa mata suna. Sojan gona shi ne wanda ya sa kaki ko ya ari muƙami alhali ba a ɗauke shi aikin ba. A da, labarinsa bai wuce na wanda yake shiga mota ba ya biyan kuɗi ba, ko mai yi wa 'yan kasuwa barazana. Yanzu abin ya wuce nan.

A daren 14 ga Afrilun 2014, waɗanda suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok sun zo ne a matsayin sojoji, suka ce wa yaran sun zo ceton su. Ranar 17 ga Fabrairun 2021, shaidu a Kagara ta jihar Neja sun ce maharan da suka shiga makarantar kimiyya suna sanye da kakin soja. Wata huɗu cif bayan haka, ranar 17 ga Yunin 2021, abin ya zo har gida: aka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, aka tafi da ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023.

Wanda ya rayu a wannan yanki a waɗannan shekaru ya san abin da ake ji in an hango kaki daga nesa a kan hanya. Direba ba ya sanin ko ya tsaya ko ya juya. Manomi ba ya sanin ko ya ɗaga hannu ko ya shige dawa. Sojan gona ya sace wa sojan gaskiya abu mafi tsada da yake da shi, wato amincewar mutane, kuma mutanen ƙauye ne suke biyan bashin.

Akwai kuma sojan gona na cikin waya. Shafi ne a Facebook ɗauke da hoton wani babban hafsa, yana cewa akwai guraben shiga soja, ka turo kuɗi a saka sunanka. Ko saƙo a TikTok daga wani "kyaftin" da yake fagen daga, yana son ki da aure, amma ki ɗan taimaka masa da kuɗin mota. Hoton na gaske ne, an sato shi ne daga shafin mai shi. Rundunar sojan ƙasa ta sha nanata cewa neman shiga soja kyauta ne, ana cike takarda ne a shafinta na intanet, sannan a tantance mutum a jiharsa kafin a kai shi horo, kamar yadda aka saba a Defot na Zariya. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi, ɓarawo ne, ko da hotonsa yana ɗauke da taurari har kafaɗa ta lanƙwashe.

Dokar sojan gona tana nan tuntuni

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne wannan ɓangaren ba ya jiran sabuwar doka. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 132, ta haramta mutum ya yi kamar yana riƙe da muƙamin gwamnati alhali ya san ba ya riƙe da shi. Sashe na 133 ya haramta sa tufafi ko ɗaukar alamar ma'aikacin gwamnati da niyyar a ɗauka kai ne. A jihohin Kudu, sashe na 110 na kundin laifukansu ya hana wanda ba soja ba sa kakin soja, amma ya ware masu wasan kwaikwayo a dandali. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuwa, a sashe na 22, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko duka biyun, ga wanda ya yi shigar wani mutum a intanet don ya ci riba ko ya cutar. Shigo da yadin kakin soja cikin ƙasa ma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Saboda haka, ɗan'uwa mai wasan barkwanci a TikTok, wannan wandon mai dabbare-dabbare da ka saya a gwanjo ba ado ba ne kawai. A shingen bincike ba za a tambaye ka yawan mabiyanka ba. Gaskiya ne sau da yawa abin da ake yi wa wanda aka kama da shi, na tsallen kwaɗo ko duka ko yaga masa riga, ya saɓa wa doka, domin hukunci na kotu ne. Amma kafin ka kai ga kotu ka riga ka sha wuya.

Inda gizo yake saƙar: kalmar "ɓata suna"

Sojan gona yana da sauƙin ganewa. Ko kai soja ne ko ba soja ba ne, takarda za ta nuna. Ɓata suna kuwa ya dogara da wanda yake fassara. In ka ce an kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da gari ya waye, ka ɓata suna ne ko ka ba da shaida? In ka ce an karɓi kuɗi a hannunka a shinge, wa zai yanke cewa ƙarya kake?

Dubi yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe. A ƙasar Sin, gyaran dokar laifuka da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya ci mutuncin jarumai da waɗanda suka mutu a fagen daga. Ba a yi wata uku ba aka ɗaure wani mai rubutu a intanet, Qiu Ziming, wata 8, saboda ya nuna shakka kan adadin sojojin Sin da gwamnati ta ce sun mutu a rikicin kan iyaka da Indiya. A Pakistan, a watan Afrilun 2021, wani kwamitin majalisa ya amince da ƙudirin da zai sa a ɗaure wanda ya yi wa sojoji ba'a da gangan har shekara 2. A Rasha, ranar 4 ga Maris na 2022, kwana kaɗan da fara yaƙin Yukren, aka sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 kan yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya game da sojoji. A maƙwabciyarmu Nijar, an cire ɗauri kan laifin ɓata suna ta intanet a 2022, sai gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi a watan Yunin 2024.

Amurka ta bi wata hanya. A 2006 majalisarta ta yi dokar da ta haramta mutum ya yi ƙaryar cewa ya samu lambar yabo ta soja. Aka kama wani mai suna Xavier Alvarez da ya yi irin wannan ƙaryar a wajen taro. A 2012 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce ta yi faɗi da yawa, ba a ɗaure mutum kan ƙarya kawai don ƙarya ce. A 2013 aka sake rubuta ta: laifi ne in ka yi ƙaryar don ka samu kuɗi, dukiya ko wani amfani na zahiri. Ka lura da bambancin. Dokar ta koma kan cuta da ake iya nunawa, ta bar maganar da kawai ba ta yi wa wani daɗi ba.

Ƙudirori uku, biyu daga bakin tafkinmu

A Najeriya an gwada wannan hanya ba sau ɗaya ba, kuma abin mamaki, yankinmu yana tsakiyar labarin.

A ƙarshen 2015, Sanata Bala Ibn Na'Allah, wanda yake wakiltar Kebbi ta Kudu a lokacin, wato mazaɓar da ta haɗa Yauri da Ngaski da Shanga da Zuru, ya gabatar da ƙudirin hana ƙorafe-ƙorafe marasa tushe. A ciki akwai ɗaurin shekara 2 ko tarar naira miliyan 2 ga wanda ya tura kalaman cin mutunci na ƙarya ta saƙon waya, Twitter ko WhatsApp a kan wani mutum ko wata hukumar gwamnati. Hukumar gwamnati kuwa ta haɗa da soja. Matasa suka yi ca a intanet, 'yan jarida da lauyoyi suka yi magana, a watan Mayun 2016 Majalisar Dattawa ta janye ƙudirin.

A tsallaken ruwa, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa, mazaɓar da ta haɗa Borgu da Agwara, ya kawo ƙudirin kalaman ƙiyayya, wanda a 2019 ya tayar da ƙura saboda ya tanadi hukuncin kisa ta hanyar rataya in kalaman suka jawo mutuwar wani. A shekarar dai, Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo ƙudirin hana yaɗa ƙarya a intanet, mai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira 300,000, har da ba 'yan sanda ikon sa a toshe intanet. A zaman jin ra'ayin jama'a na watan Maris na 2020, yawancin waɗanda suka yi magana sun ƙi shi. Rundunar sojan ƙasa na cikin 'yan kaɗan da suka goyi bayansa, bisa dalilin tsaron ƙasa. Babu ɗaya cikin ukun da ya zama doka.

Kada ka yi saurin murna. Abin da ƙudirorin suka nema, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ya riga ya ba da rabinsa tun 2015. A yadda aka fara rubuta shi, saƙon ƙarya da aka tura don a ɓata wa wani rai, ko a ci masa mutunci, ko a sa shi damuwa, ya isa a ɗaure mutum har shekara 3 ko a ci shi tarar naira miliyan 7. Da wannan sashe aka kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da yawa. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake yankewa a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyara: yanzu laifin ya taƙaita ga saƙon batsa, ko saƙon da ka san ƙarya ne ka tura shi don ka jawo karya doka da oda ko barazana ga rai. An samu ci gaba, amma har yanzu wanda ya shigar da ƙara da ɗan sandan da ya karɓa su ne suke fara fassarawa. Ɓata suna kuma laifi ne a Final Kod, sashe na 391 da 392, mai ɗaurin da ya kai shekara 2.

Me ya sa tambaya take da muhimmanci

Ranar 3 ga Disambar 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne. Mutanen ƙauyen ne suka fara faɗa, hotuna suka fita ta waya, sannan rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, har shugabanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri. Ka yi tunanin ranar farko, kafin a amsa. Da akwai dokar da ta ce duk wanda ya zubar da mutuncin soja a ɗaure shi, wa zai yi ƙarfin halin tura hoton farko?

Ga misali na cikin gida. Bayan an sace ɗalibai mata 25 daga makarantar Maga, ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, ranar 17 ga Nuwambar 2025, Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya fito ya tambaya: wa ya ba da umarnin janye sojojin da aka kai makarantar jim kaɗan kafin maharan su iso? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta dace. Gwamna yana da rigar kariya. Kai ba ka da ita. Dokar da za ta bar gwamna ya yi wannan tambaya amma ta kama ɗalibin kwaleji a Yelwa da ya yi irinta a Facebook, ba ta kare soja ba, ta dai rufe bakin talaka.

Sojan ma ɗan wani ne

Akwai ɗaya gefen, kuma rashin adalci ne a tsallake shi. A watan Maris na 2022, a Kanya cikin Danko/Wasagu, 'yan bindiga sun yi wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, kwanton ɓauna, sojoji fiye da goma suka rasa rayukansu. Samari ne kamarka, wasu daga jihohin da ba su taɓa jin sunan Kanya ba sai da aka turo su. Suna da iyaye, suna da mata da 'ya'ya, kuma iyalansu suna cikin irin guruf ɗin da kake ciki.

In ka tura hoton gawar soja, akwai yiwuwar mahaifiyarsa ta gani kafin a sanar da ita. In ka ɗauki bidiyon motocin soja suna wucewa ta garinku ka ɗora nan take, ka sani 'yan bindiga ma suna da data. In ka ɗauko tsohon bidiyo daga wata ƙasa ka ce a Shanga ne, ka zuga mutane su ƙi ba jami'an tsaro bayani a ranar da bayanin zai ceci rai. Kuma duk lokacin da ƙarya irin wannan ta bazu, ka miƙa wa masu son tsauraran dokoki hujja a hannu. Su suke kawo ƙudiri, amma mu muke ba su misali.

To, me za ka yi?

Kafin ka tura, ka tambayi wanda ya turo maka: kai ka ɗauka, ko turo maka aka yi? In ya ce turo masa aka yi, to bai fi ka sani ba. Ka duba lambar mota, harshen da ake magana, yanayin gari. Bidiyon da aka ce na watan Maris ne amma ciyawa kore shar, ai ka san da sake.

In kai abin ya faru a gabanka, ka faɗi abin da ka gani, da wuri da lokaci, ka tsaya nan. "Da misalin ƙarfe huɗu, a wuri kaza, mutum uku masu kaki sun karɓi kuɗi a hannun direbanmu" magana ce da za ka iya tsayawa a kanta gaban alƙali. "Duk sojoji ɓarayi ne" zagi ne, kuma ba za ka iya kare shi ba. Gaskiya kariya ce a shari'ar ɓata suna, amma sai wadda za ka iya kawo shaidarta. Ka ajiye asalin bidiyon a wayarka, kada ka yanke, kada ka ɗora masa waƙa.

Kada ka tsaya a intanet kaɗai. Akwai hakimi da dagaci, akwai shugaban ƙaramar hukuma, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa mai ofisoshi a jihohi, rundunar sojan ƙasa kanta ta buɗe teburin karɓar ƙorafin take haƙƙi tun 2016. Ƙorafi a rubuce, da kwanan wata da sa hannun shaidu, ya fi kwament ɗari nauyi.

In aka gayyace ka caji ofis kan abin da ka rubuta, kada ka je kai kaɗai, ka sanar da na gida, ka nemi lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

In kuma gobe ka ji an kawo sabon ƙudiri da sunan kare sojoji ko wata hukuma, kada ka tsaya a kan kanun labari. Ka nemi rubutun ka yi masa tambaya uku. Shin yana hukunta cuta da ake iya nunawa, kamar damfara da tona asirin aikin tsaro, ko yana hukunta "ba'a" da "zubar da mutunci"? Shin wanda ya faɗi gaskiya ya tsira? Wa yake yanke hukunci, kotu ko hukumar da aka soka? Sannan ka kira ofishin ɗan majalisarka ka faɗa masa ra'ayinka. A 2016 da 2020 matasa masu waya irin taka ne suka tsayar da ƙudirorin da aka ɗauka sun riga sun wuce.

Wancan bidiyon da ya shigo maka a bakin ruwa kuwa, bar shi ya kwana. In gaskiya ne, gobe ma gaskiya ne, kuma za ka samu wanda ya gani da idonsa. In ƙarya ne, sunanka ba ya cikin waɗanda suka yaɗa.